pyenv, uv, conda ko Docker: wanne ya dace da riƙe sigogin Python da yawa?

Python yana fitar da sabuwar siga duk watan Oktoba, kuma kowace siga tana samun gyara na shekara biyar. Saboda haka ba a daɗewa sai buƙatar siga biyu ko uku ta taso a kwamfuta ɗaya. Tsohuwar manhajar da ke kiran `distutils`, wani ɓangare da a da yake zuwa tare da Python, za ta ƙi tashi a 3.12, domin an cire shi. Wadda ta dogara da `cgi` kuma a 3.13 za ta tsaya.

Ko wace hanya ka bi, kada ka taɓa Python ɗin da ya zo da Linux. Ubuntu 22.04 yana zuwa da 3.10, 24.04 da 3.12, Debian 12 kuma da 3.11, kuma kayan aikin tsarin da wannan sigar aka gina su. Idan ka karkatar da `/usr/bin/python3` zuwa wata siga, `add-apt-repository` zai soma kukan bai ga `apt_pkg` ba. Saƙon `externally-managed-environment` da pip (mai saka ƙunshin Python) ke bayarwa a sababbin Debian da Ubuntu wannan ɓarnar yake karewa, kada ka tsallake shi da `--break-system-packages`.

Hanya mafi sauƙi ita ce ajiye sigogin gefe da gefe, kowace da sunanta. A Ubuntu ana ƙara `ppa:deadsnakes/ppa`, a saka `python3.11` tare da `python3.11-venv`; in ka manta na biyun, venv, wato keɓaɓɓen muhallin aiki da ke riƙe kayan aiki ɗaya, ba zai ginu ba. Mai harhaɗa Python daga tushe da kansa ya yi `make altinstall`, domin `make install` yana ƙirƙirar sunan `python3` da zai iya shan gaban na tsarin. A Windows kuwa `py --list` yana nuna abin da ke akwai, `py -3.11` ya kira wadda kake so. Ga mai siga biyu kawai, wannan ya wadatar.

pyenv ya daɗe a hannun masu Linux da macOS. Yana ajiye kowace siga a `~/.pyenv/versions`, sannan ya sa wasu ƙananan fayiloli masu suna `python` da `pip` a farkon PATH, wato jerin foldodin da tsarin ke duba wa idan an buga umarni. Idan ka buga `python`, su ne ke amsawa, su duba fayil ɗin `.python-version` a foldar da kake ko wadda ke samanta, su miƙa aikin ga sigar da aka rubuta. `pyenv local 3.11` ne ke rubuta fayil ɗin. Wahalarsa ita ce daga tushe yake harhaɗa Python, abin da ke cin mintuna, kuma yana buƙatar `build-essential`, `libssl-dev`, `zlib1g-dev`, `libffi-dev`, `libsqlite3-dev`, `libbz2-dev`, `libreadline-dev` da `liblzma-dev`. Rashin wasunsu ba ya hana ginin kammala. Gargaɗi ne kawai zai wuce a allo, sai bayan kwanaki `import sqlite3` ya faɗi. Maganin shi ne a saka abin da ya ɓace a sake harhaɗa sigar gaba ɗaya. Haka nan in ba ka sa layin `pyenv init` a `.bashrc` ko `.zshrc` ba, komai zai yi kamar ya zauna daidai alhali tsohon Python ne ke amsawa. Ba ya aiki a Windows kai tsaye; pyenv-win wani aiki ne dabam.

uv, na kamfanin Astral, ya fito a 2024, da Rust aka rubuta shi. Ba ya harhaɗa komai, ginannen Python yake saukewa daga python-build-standalone, don haka `uv python install 3.11 3.12` yakan ƙare cikin ɗan lokaci ba tare da waɗancan fayilolin `-dev` ba. `uv venv --python 3.12` ya gina muhallin aiki, `uv python pin 3.12` ya rubuta `.python-version` irin wanda pyenv ke karantawa. Yana aiki a Linux, macOS da Windows. Abin da kan ruɗa sababbi shi ne muhallin da ya gina ba shi da pip a ciki: ko dai ka yi `uv pip install`, ko ka ƙara `--seed` tun wurin ginawa. A ganina duk mai farawa yau uv ya kamata ya ɗauka, sai in yana son Python da aka harhaɗa da wasu zaɓuɓɓuka nasa, wanda nan pyenv ya fi.

conda kuwa amfaninsa yana fitowa ne idan aikin ya rataya a kan abin da ba Python ba, kamar GDAL na taswira. `conda create -n taswira python=3.11 gdal` zai kawo Python da ɗakunan karatun C da suka dace da juna. Yana cin wuri a faifai, kuma cakuɗa shi da pip yana rikita lissafinsa: fara saka duk na conda, pip ya zo ƙarshe. Ma'aikatar da ta kai mutum 200 ta duba sharuɗɗan lasisin Anaconda, kamfanin da ya ƙirƙiro conda, kafin ta yi amfani da ma'ajiyarsu. Miniforge, da ke ɗauko kaya daga conda-forge, ya kauce wa wannan.

Docker, mai gudanar da manhaja a cikin keɓaɓɓen akwati da nasa kayan Linux, ya yi nauyi ga wanda canjin siga kawai yake so. Wurinsa shi ne inda kake son gwaji ya yi daidai da sabar da manhajar za ta zauna. Ɗauki `python:3.12-slim`. Na `alpine` ya fi ƙanƙanta, amma ɗakin karatun C mai suna musl yake amfani da shi maimakon glibc da aka saba, don haka ƙunshin da bai da ginannen fayil na musl sai an harhaɗa shi.

Kowane venv a ɗaure yake da sigar da ta gina shi, an rubuta hanyarta a `pyvenv.cfg`. Ka goge 3.11, duk muhallin da ke kanta ya mutu, kuma ba a ɗaga shi zuwa 3.12, domin ƙunshin da ke da alamar `cp311` ba ya aiki a can. Goge foldar `.venv`, ka gina sabuwa, ka sake saka kaya daga `requirements.txt`. Idan kuma ka saka ƙunshi amma Python ya ce bai gan shi ba, galibi pip ɗin wata siga ce ya karɓa. Buga `python -c "import sys; print(sys.executable)"` ka ga wanda ke amsawa, sannan ka sake sakawa da `python -m pip install`.