Kyamarar farko: wacce za ka saya tsakanin ƙananan Canon da Nikon?

Duk wanda ya gaji da hoton waya ya ce zai nemi kyamara ta sosai, sunaye biyu zai fara ji a bakin masu shago: Canon da Nikon. Irin wadda ake kira DSLR, madubi ne a cikinta yake ɗauko abin da ke gabanta ya kawo wa idonka ta kafar leƙe, idan ka danna sai ya ɗaga, hoto ya shiga. Kamfanonin biyu yanzu hankalinsu ya koma kan marasa madubi, har Nikon ta daina ƙera ƙananan DSLR ɗinta, D3500 da D5600. Wannan kada ya tsorata ka. Shi ne ma ya sa na hannu suka cika kasuwa, kuɗinsu ya sauko, ɗan koyo ya samu shiga.

Mu fara da wadda zan ce a bari. Canon 4000D, ta shekarar 2018, ita ce mafi sauƙin kuɗi, amma araha ba ta ado. Megafiksel 18 gare ta, wannan ba laifi ba ne. Laifin a jiki yake: bakin da ake ɗaura lens a kai na roba ne, allonta ƙarami, inci 2.7, idan rana ta take da kyar za ka gane ko hoton ya fita. Gara ka ƙara ɗan wani abu ka hau 2000D, ko ka nemi tsohuwar 700D mai lafiya.

Ainihin karon yana tsakanin Canon 2000D da Nikon D3500, dukkansu na 2018, dukkansu megafiksel 24, dukkansu allonsu a manne yake, ba ya juyawa, ba ya jin taɓi. A hoton rana, idan aka ajiye maka aikinsu gefe da gefe, ba lallai ka bambance ba. Bambancin sai an fita aiki. Canon hoto 3 take ɗauka a daƙiƙa, Nikon 5. Mai ɗaukar amarya a zaune ba ruwansa da wannan, amma tsaya bakin hanya ranar hawan salla, dawaki sun taho a sukwane, za ka ga hoton da kake so ya faɗa tsakanin danni biyu. Sai batir. A lissafin kamfani 2000D tana yin hoto kimanin 500 kafin ta nemi caji, D3500 kuwa 1,550. Ga wanda zai wuni a gidan biki a garin da ba a san ranar dawowar wuta ba, wannan kaɗai ya isa hujja. D3500 tana kuma da wani saiti na jagora da yake bi da kai mataki mataki, ka ce kana son baya ya dusashe, ta nuna maka inda za ka murɗa. Idan hoto zalla kake so, ni D3500 zan miƙa maka.

Bidiyo kuma wata magana ce. Waɗannan biyun ba su da kafar makirfo, sautin da za ka samu shi ne na iska da hayaniyar taro. Nan ne Canon 250D ta 2019 ta yi fice. Allonta yana juyowa har ya fuskance ka, yana jin taɓi, tana da kafar makirfo, kuma tsarin Dual Pixel da ke cikinta yana bin fuskar mutum a hankali ba tare da hoton ya riƙa shiga yana fita ba. An rubuta 4K a kwalinta, sai dai a can hoton yana matsewa, wannan bin fuskar mai kyau ma ba ya aiki, don haka ka ɗauke ta a matsayin kyamarar 1080 kawai. Takwararta a Nikon ita ce D5600: allo mai juyawa, kafar makirfo, ɗigon saita hoto 39 maimakon 9 na Canon. A hoton abu mai motsi ta fi 250D, a bidiyo 250D ta fi ta.

Akwai abu biyu da mai shago ba zai ɗago maka su ba. Na farko ƙura. 250D da D5600 suna karkaɗe ƙurar sansarsu, wato ɗan farantin ciki da hoto yake sauka a kai, da kansu, 2000D da 4000D da D3500 ba sa yi. Lokacin hunturu, ka canza lens a fili sau biyu, sai ka ga ɗige-ɗige a sararin sama na kowane hoto. Ba ciwon ajali ba ne, ɗan famfon iska na roba yana maganinsa, amma a sani. Na biyu filasha. Da yawa daga cikin 2000D da 4000D da 250D an fito da su babu ɗigon ƙarfe na tsakiya a inda ake dasa filasha, saboda haka filasha mai araha ta wani kamfani tana iya ƙin tashi. Leƙa wurin da idonka, ko ka tafi da filashar ka gwada a gabansu.

Kada suna ya ruɗe ka. 2000D ita ce Rebel T7 a Amurka, 250D ita ce Rebel SL3, 4000D kuma T100. Kaya ɗaya ne, tambari ne ya bambanta.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya. Masu farawa kan zuba kuɗinsu duka a jikin kyamara, su zauna da lens ɗin 18-55 da ya zo da ita, sannan su yi mamakin me ya sa hotonsu bai wuce na waya ba. Wancan lens ɗin ba shi da laifi a tsakar rana, amma da an shiga ɗaki ko magariba ta yi, sai ya kasa. Abin da yake sa fuska ta fito ras, baya ya narke, lens ne mai buɗewa sosai. A Canon akwai 50mm f/1.8 STM, a Nikon akwai 35mm f/1.8G, kuma dukkansu suna cikin mafi sauƙin kuɗi a gidajensu. Tsohuwar kyamara da ɗaya daga cikinsu ta fi sabuwa fil da 18-55 kaɗai. A lura dai, a kan waɗannan ƙananan Canon 50 ɗin yana zama kamar 80, wato a ɗakin amarya da kaya suka cika za ka ja da baya har ka jingina da bango mutum uku ba su shiga ba. Na Nikon ɗin ya fi sakewa a wuri matsattse. Kuma idan Nikon ka ɗauka, nemi lens mai rubutun AF-S ko AF-P, domin tsofaffin ba sa saita kansu a kan D3500 da D5600, sai da hannu.

Kafin ka yanke, tambayi masu hoton unguwarku me suke riƙewa. Idan wanda zai koya maka Canon gare shi, akwai aron lens, akwai aron batir ranar da naka ya mutu, akwai wanda zai nuna maka maɓalli ba sai ka yi ta lalube ba.

Idan ta hannu ce, kada ka biya sai ka san hoto nawa ta taɓa ɗauka. Labulen da yake buɗewa ya rufe a cikin irin waɗannan duk lokacin da ka danna, ana ƙiyasta masa kimanin danni 100,000. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon sai an haɗa ta da kwamfuta. Saita ta a f/22, wato ka tsuke kafar lens, ka ɗauki farin bango, duk dattin sansa zai bayyana. Haska fitilar waya cikin lens ka duba ko akwai wani abu kamar saƙar gizo, wannan fumfuna ce, ka ajiye musu kayansu. Sannan ka tabbata batir da caja na asali ne, ka sa memori naka ka ɗauki hotuna a nan cikin shagon kafin kuɗi ya bar hannunka.