SSD ko sabon faifai mai juyawa: wanne zai kawar da nawar sabarka?

Ɗan'uwa na Agege, ka ce tsohuwar kwamfutar da ka mayar sabar gida, wato mai ajiye fayiloli tana raba wa sauran na'urori, ta koma tafiyar hawainiya. Hotunan iyali sai an yi ta jira kafin su buɗe, fitilar faifai kuma ba ta hutawa. Kuɗin hannunka na abu ɗaya ne, ko SSD, ma'ajiyar bayanai da babu abin da ke juyawa a cikinta, ko babban HDD, wato faifai mai juyawa.

Kafin ka shiga mota zuwa kasuwar kwamfuta ta Computer Village a Ikeja, tabbatar faifan ne mai laifi. Kwafo babban bidiyo ɗaya daga sabar zuwa laftof, ka sa ido a kan gudun. Idan ya tsaya a megabait 11 ko 12 a daƙiƙa, netwok ɗinka mai megabit 100 ne, wayar netwok ko rauta, na'urar da ke raba netwok ɗin, za ka canja. Idan ta USB ka jona faifan kuma gudun bai wuce 40 ba, ramin USB 2.0 ne ya shaƙe shi.

To, a ce faifan ne. HDD yana da allura da ke kai-komo a kan faranti mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti. Ka san ɗan dako a kasuwar Mile 12: sauke buhunan albasa daga mota ɗaya a jere, nan da nan ya gama, amma aike shi ya tattaro kayan miya daga rumfa ɗari, sai la'asar. Haka HDD yake. Babban fayil yana karanta shi da kusan megabait 150 zuwa 200 a daƙiƙa, ƙananan fayiloli warwatse kuwa wajen guda ɗari kawai yake iya karantawa a daƙiƙa. SSD ba shi da allura. Na SATA, wato mai jonuwa da irin wayar da HDD ke amfani da ita, yana kai wajen megabait 550, ƙananan ayyuka kuma dubun dubata a daƙiƙa ɗaya.

Ga inda mutane ke asarar kuɗi. Netwok mai gigabit ɗaya ba ya wuce wajen megabait 110, don haka wurin kallon bidiyo ba za ka ga bambanci ba ko kaɗan, HDD ya wadatar, kuma terabait ɗinsa ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma abin da ka kwatanta, dubban ƙananan hotuna da rumbun bayanansu, ga tsarin Linux ɗin kansa duk a faifai ɗaya, aikin rumfa ɗari ne. Sabon HDD komai girmansa ba zai magance shi ba.

Shawarata, sayi SSD mai gigabait 250 ko 500, ka ɗora tsarin da manhajoji a kansa, tsohon faifan ya zauna wa manyan fayiloli. Sai dai fa ka fara auna lafiyar tsohon faifan da smartctl, manhajar da ke fito da rahoton lafiyar faifai. A rahoton, kowane layi da lambarsa ta ID a farkonsa, duba layi na 5 da na 197, masu ƙirga gurabun faifan da suka samu matsala. Idan alƙalumansu na hawa, faifan mutuwa yake yi, kwashe hotunan nan yau ɗin nan, sayen HDD ya zama dole, SSD ya jira. Layi na 199 kuma yawanci matsalar wayar da ta jona faifan yake nunawa. Ni kaina na taɓa shirin jefar da faifai mai lafiya, ashe bakin wayar SATA ne ya saki, ƙura ta cika shi. Sabuwar waya ta gama maganar.

In HDD ɗin za ka saya, salon rubutunsa iri biyu ne: ka nemi CMR, ka guji SMR, wanda ke durƙushewa idan rubutu ya yi yawa. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital na SMR ne, daga baya kamfanin ya ware na CMR da sunan Red Plus. Lambar samfurin za ka duba, kar ka tsaya ga launin takarda. In na gwanjo ne, sa mai shago ya jona shi a gabanka ka ga layi na 9, awannin da ya yi yana aiki.

Batun wuta ya shafi duka biyun. Ɗaukewa ana tsakiyar rubutu tana lalata fayiloli ko a SSD ko a HDD, kuma SSD in zai mutu sau da yawa ba ya sallama. Canjin da ya rage maka ka tara shi don ƙaramin UPS, wanda zai riƙe sabar kafin janareta ya tashi.