Casanova na 2005: na yi dariya, amma ina matan da ya bari a baya?

Fim ɗin Casanova na 2005 ya ba ni dariya sosai, ya kuma ɓata mini rai, duka a zama ɗaya. Faransanci nake koyarwa a wata lise a nan Tawa, don haka sunan mutumin ba baƙo ba ne a wurina: ɗan Italiya ne, amma da Faransanci ya rubuta tarihin rayuwarsa. Shi ya sa da na ga sunan cikin jerin finafinan wani yaro mai tura wa mutane fim a kasuwa, na miƙa masa kle na ce ya zuba mini. Wanda aka juya muryoyinsa zuwa Faransanci ne, hoton tas, tsawonsa bai kai awa biyu ba.

A birnin Venis labarin yake, shekarar 1753. Casanova, wanda Heath Ledger ya fito a matsayinsa, ya addabi gari da neman mata: matan aure, ƴanmata, har da matan coci da suka haramta wa kansu aure. An kama shi bayan ya tsallako daga gidan waɗannan na ƙarshe, kotun coci tana neman wuyansa, sai Doj, shugaban jamhuriyar Venis, wanda suke ɗasawa, ya cece shi bisa sharaɗi: ko ya yi aure a kan lokacin bikin karnabal, wato shagalin shekara-shekara da ake yi da fuskokin aro, ko a kore shi daga gari. Ya nemi Victoria, yarinyar da kowa ya shaida kamun kanta, aka ba shi. Ashe akwai wani saurayi maƙwabcinta, Giovanni Bruni, da ya daɗe yana leƙenta ta taga bai iya furtawa ba. Ya ƙalubalanci Casanova su gwabza da takobi alhali shi ba gwani ba ne, sai ƴar'uwarsa Francesca ta rufe fuska ta je a madadinsa. Daga ranar hankalin Casanova ya bar Victoria ya koma kan Francesca.

Ita kuwa Francesca, wadda Sienna Miller ta fito a matsayinta, irinsa ne ta fi tsana a duniya. Tana rubuta littattafai a ɓoye a kan ƴancin mata da sunan namiji, Bernardo Guardi. Gidansu bashi ya yi musu katutu, mahaifinta ya rasu, tun tana ƙarama kuma aka yi alkawarin aurenta da wani attajirin birnin Jenowa mai suna Papprizzio, wanda da sayar da kitsen alade ya tara dukiyarsa, ba ta kuma taɓa ganinsa ba. Sai Casanova ya tare attajirin tun daga bakin jirgi, ya ce masa masaukin da ya kama a rufe yake, ya kai shi gidansa ya killace da sunan maganin rage ƙiba, shi kuma ya ɗauki sunan ya tafi zance. Ana cikin haka coci ta aiko da Bishop Pucci ya kamo mutum biyu, Casanova da Bernardo Guardi. Daga nan ƙarya ta riƙa hawa kan ƙarya, har sai da na tsayar da fim ɗin na lissafa wa ƙanwata wane ne ke amsa sunan wa.

Abin da ba zan rage wa fim ɗin ba shi ne kyawun gani. Lasse Hallström, ɗan ƙasar Suwidin da ya ba da umarni, a cikin Venis ɗin kanta ya ɗauke shi, kuma ido yana shaida haka. Gidaje ne da ƙofofinsu ke buɗewa kan ruwa, mutum ya fito daga zaure ya taka kwalekwale. Ga dandalin San Marko, ga fadar Doj, ga ƙananan gadoji, hasken yamma na bugun bango yana komawa kan ruwa. Mu da muka tashi a Adar, inda a watan bazara mata ke doka sammako zuwa rijiya, ganin garin da ruwa ne titinsa kaɗai ya isa ya zaunar da mutum. Kiɗan ma na zamanin ne, goge da sarewar Turawa irin na su Vivaldi da Rameau, yana gudu tare da masu gudu a kan rufin gidaje.

Ƙanwata tela ce, tana da shago kusa da gida, ita kuma tufafin ne suka ɗauke mata hankali. A wurin rawar karnabal ta ce, "Yaya, don Allah tsayar nan." Ta matso da fuskarta dab da kwamfuta tana bin rigar wata mata da yatsa: yadda aka matse ƙugu, aka buɗe ƙasan da tattara, aka jera leshi hawa-hawa a bakin hannu daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Ta ce wannan tattarar ba ta keke ba ce, duk wanda ya yi ta ya san nauyin yadi. Ta ɗauki hoton hannun rigar da waya, wai za ta gwada shi a kan shadda. Jenny Beavan ce ta tsara tufafin, kuma ko maza ba a bar su a baya ba: riguna masu aikin zare a gaba, hula mai kusurwa uku, da fararen fuskokin aro na karnabal. Idan ɗinki sana'arki ce, ko ba ki jin Faransanci za ki amfana.

Heath Ledger bai yi Casanova mai zaƙewa ba, kuma nan ne dabararsa. Ba ya ɗaga murya, ba ya cika baki. Yana saurare ne, ya karkata kai, ya bar mace ta yi magana har ta ji kamar ba a taɓa jin ta ba sai yau. Da haka na yarda cewa mata za su iya bin sa. Yana da wajen shekara 26 lokacin da fim ɗin ya fito, ya kuma rasu a watan Janairun 2008 yana da 28. Sanin haka yana sa wa kallon wani nauyi, domin a nan cike yake da ƙuruciya, yana tsalle yana murmushi. Jeremy Irons a matsayin Pucci ya yi mugu mai ban dariya, mai ɗaure fuska da taƙama, amma ba a taɓa jin tsoronsa da gaske, kuma hakan ya rage wa labarin ƙarfi. Omid Djalili, wanda ya fito a matsayin Lupo baran Casanova, duk inda ya leƙo sai an dara.

Amma wanda ya tafi da zuciyata shi ne Papprizzio, wato Oliver Platt. An shigo da shi ne don a yi masa dariya: ƙaton mutum mai tumbi, mai sana'ar da ake yi wa kallon ƙasƙanci, ya zo auren yarinyar da ba ta san shi ba. Mun san irin wannan auren, ba sai an je Italiya ba. Gida ya ci bashi, mai kuɗi ya fito, a ce wa yarinya ta rufa wa iyaye asiri. Na zata za a yi shi azzalumi. Sai ga mutum mai kunya, wanda ya san bai da kyau, yana fargabar kada amarya ta gan shi ta raina shi. Dubi fuskarsa lokacin da yake roƙon Casanova ya koya masa yadda zai burge ta, yana miƙa kansa ga kowace irin wahala ta rage ƙiba, bai san wanda yake roƙo shi ne ke sace masa mata ba. A duk fim ɗin shi ne bai yi wa kowa ƙarya ba. Da ya haɗu da Andrea, mahaifiyar Francesca, wadda Lena Olin ta fito a matsayinta, suka ga juna suka so juna yadda suke, na ji daɗi fiye da yadda na ji wa jaruman biyu. Soyayyar da na gaskata a fim ɗin ke nan, ta bazawara da attajiri mai tumbi.

Ita Francesca an faro ta da kyau. Ta yi shigar maza ta tsaya gaban malaman jami'a tana kare haƙƙin mata na neman ilimi, ta riƙe takobi, ta ce ba ta son namijin da ke rarraba kansa, sai wanda zai tsaya kan mace ɗaya. Daga baya sai aka sassauta ta. Mutumin ya zo mata da sunan baransa, ya dawo da sunan wanda za ta aura, ya karanta littattafanta ya riƙa mayar mata da kalamanta don ta ɗauka tunaninsu ɗaya. Gaskiya ne a ƙarshe ya ce shi ne Bernardo Guardi don a kama shi a bar ta, kuma wannan sadaukarwa ce babba. To amma mace mai kaifin hankali irin wannan, fushinta bai kamata ya huce cikin ƴan mintuna ba. An ɗauke ta a cikin balan-balan mai tashi sama da dare, wuta na fashewa a sararin Venis, aka bar kyawun wurin ya yi aikin da ya kamata magana ta yi. (Balan-balan ɗin ma riga malam masallaci ne: sai a 1783 ƴan'uwan nan Montgolfier suka tayar da nasu a Faransa, shekara 30 bayan zamanin labarin. Wannan bai dame ni ba, fim ɗin barkwanci ne.)

Abin da ya dame ni shi ne wannan: a cikin duk matan da Casanova ya bi, babu ko ɗaya da aka nuna ta cutu. Kowacce murmushi take, kowacce kewarsa take. Ba wadda ta yi ciki, ba wadda mijinta ya kora, ba wadda aka daina gaishe da uwarta a unguwa. An wanke yaudara tas an mai da ita wasa, an kuma ba shi uzuri tun daga farko: uwarsa ta tafi ta bar shi yana yaro a hannun kakarsa, don haka yake neman ta a jikin kowace mace. Ni kuwa ina shiga aji kullum. Na taɓa samun ɗaliba mai ƙoƙari, wadda ke zama a layin gaba, rubutunta kamar an buga. Wani mai daɗin baki ya yi mata alkawari, da abin ya bayyana ya tafi ci-rani bakin teku, ita kuma ba ta sake zuwa makaranta ba. Shi ana ce masa ƙuruciya ce. Ita har yau da abin ake kiranta. Duk dariyar da nake yi a fim ɗin, kujerarta tana raina.

Kuma Casanova na gaskiya bai ɓoye wannan ɓangaren ba kamar yadda fim ɗin ya ɓoye masa. An haife shi a Venis a 1725, uwarsa Zanetta ƴar wasan kwaikwayo ce, kakarsa ce ta rene shi, nan fim ya yi gaskiya. Mutum ne mai ilimi, ya karanta shari'a a Paduwa, ya zauna da Voltaire, shahararren marubucin Faransa, ya gana da sarauniya Katarina ta Rasha, yana cikin waɗanda suka kafa cacar gwamnati a Paris. A 1755 aka kulle shi a kurkukun da ke ƙarƙashin rufin darma na fadar Doj, a 1756 ya fasa rufin ya gudu tare da wani malamin coci. Ya mutu a 1798 yana mai kula da ɗakin littattafan wani basarake a Duks, cikin ƙasar Cek ta yau, nesa da garinsu. A can ya rubuta Histoire de ma vie, wato tarihin rayuwarsa, wanda babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sayi rubutun hannunsa a 2010 a kan wajen Yuro miliyan 7, sama da miliyar 4 da rabi na sefa. A cikin littafin, da alƙalaminsa, ya ba da labarin ƴaƴan da ya haifa ya bari, da yara mata ƙanana da ya nema, da wata yarinya ƴar talakawa da ya saya daga hannun mahaifinta a Rasha. Ban ce fim ɗin barkwanci ya kwaso duk wannan ba. Amma mace ɗaya tak da za ta tsaya gabansa ta ce ga abin da ka jawo mini, da ta sa tubarsa ta yi nauyi, da kuma son da Francesca ta yi masa ya zama zaɓi na mai ido buɗe.

Wanda bai son a faɗa masa ƙarshe ya tsallake wannan sakin layi. An yanke wa Casanova da Francesca hukuncin rataya a dandalin San Marko, sai aka cece su da takardar afuwa ta jabu, wadda mijin uwarsa, shi ma ɗan wasa, ya karanta cikin shigar babban malamin coci. Suka gudu tare, Casanova ya zama mijin mace ɗaya. Sai Giovanni, wannan saurayi mai kunya da ya faro fim yana son yarinya ɗaya da zuciya ɗaya, ya tsaya a Venis ya gaji sunan Casanova da sana'ar. An shirya shi a matsayin abin tafi. Ni nan ne raina ya fi ɓaci, domin fim ɗin ya shafe kusan awa biyu yana cewa tsayawa kan mace ɗaya ya fi, sannan ya ɗauki yaron kirki ya naɗa shi sabon mayaudari, wai kada gari ya rasa.

Duk da haka ban goge shi daga kle ba, saboda Papprizzio da Andrea, da ruwan Venis, da hannun rigar da ƙanwata ke son ta sake gani. Ga masu son kallo: ba fim ne na tsakar gida ba. Ba irin na dandalin soyayya ba ne da ake kunna wa kowa da kowa bayan sallar isha'i. Tun mintunan farko akwai wuraren ɗaki da maganganu masu harshen damo, kada a kunna shi gaban yara ko surukai. Ɗalibaina ƴan ajin ƙarshe kuwa, in har sun gan shi, zan so su zo mu karanta labarin fasa kurkukun 1756 tare a aji, sannan in tambaye su, maza da mata, me suke jin ya sami matar cocin nan ta farkon fim washegari, bayan shi ya haura taga.