Rejeks ko Luxon: wanne zai ciro maka kwanan wata daga amsar sabar?

Malam, tunda zaɓin naka tsakanin yanko kwanan wata da lokaci daga amsar sabar da rejeks ne (wato regex, tsarin haruffan da ake nemo guntu da shi cikin rubutu), ko sauke laburare (shiryayyen kod da wasu suka rubuta) irin Luxon, to ɗauki Luxon ka huta. Shi nake sawa a duk aikin JavaScript da lokaci ya shigo ciki, kuma har yau bai ba ni kunya ba.

Ranar da ya shiga raina sosai, ina kan wata manhajar ajiye alƙawarin ganin likita ne. Sabar ɗin, wato kwamfutar da manhajar ke karɓo bayanai daga gare ta, tana turo lokaci haka: 2025-03-05T14:30:00Z. Kwatsam masu kula da ita suka sauya, ba sanarwa ba komai, ta koma turo 2025-03-05T15:30:00+01:00. Lokacin ɗaya ne, rubutun ne ya canza: Z na nufin UTC, agogon da duniya ke auna lokaci da shi, +01:00 kuma awa ɗaya gaba da shi. Ni ban ma san an yi ba sai da na buɗe bayanan da ake ajiyewa don duba wani abu daban. DateTime.fromISO na Luxon ya karanta na farkon daidai, ya karanta na biyun daidai, ko layi ɗaya ban taɓa ba. Abokin aikina da ke ɓangaren rahoto kuwa, rejeks ɗinsa yana jiran harafin Z a ƙarshe, da bai gan shi ba sai ya riƙa dawo da fanko shiru, ba kuskure ba ƙara. Sai da wani ya yi ƙorafin rahotonsa babu kowa a ciki sannan aka farga.

Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne, ciro lambobin ba shi ne aikin ba. Kowa zai iya yanko 14 da 30. Wuyar tana wajen sanin ƙarfe biyu da rabin na ina ne. Ko Date na JavaScript da ke zuwa cikin burauza yana da tarkonsa a nan. Ka ba shi "2025-03-05" kawai, zai ɗauke shi tsakar dare a UTC, don haka wanda ke New York zai ga 4 ga Maris a allonsa. Ka ba shi "2025-03-05T14:30:00" babu Z babu +01:00, sai ya ɗauke shi lokacin na'urar mai amfani. Rubutu biyu masu kama da juna, hukunci biyu. Ga kuma watanni da yake ƙirgawa daga 0, Janairu 0 ne, Disamba 11. Idan ka yanko 03 da rejeks ka miƙa masa kai tsaye, Afrilu zai ba ka.

Idan kuma lokacin da kake nema na cikin kanun amsar ne (headers, layukan bayani da sabar ke sawa a saman amsa), wato layin Date, nan ma akwai magana. Ƙa'idar HTTP ta yanzu (tsarin da burauza da sabar ke magana da shi), RFC 9110 ta 2022, ta ce sabar ta turo shi kamar haka: Sun, 06 Nov 1994 08:49:37 GMT. Amma ta wajabta wa mai karɓa ya gane tsofaffin siffofi biyu: Sunday, 06-Nov-94 08:49:37 GMT, mai shekara lamba biyu, da Sun Nov  6 08:49:37 1994, wanda ba ya ma ambaton GMT, kuma tazara biyu ce tsakanin Nov da 6. Duba ta da kyau, wannan 'yar tazarar kaɗai ta isa ta kayar da rejeks ɗin da ka kwana kana gyarawa. DateTime.fromHTTP yana cinye dukkan ukun. Idan rubutun ya zo a lalace, isValid zai ba ka false, wato bai inganta ba, invalidExplanation kuma ya gaya maka dalili, ba ka zauna kana duba ba.

Wani abu a gefe, don na san zai same ka: idan sabar ɗin tana wani adireshi daban da shafinka, response.headers.get("Date") zai dawo maka da null ko da kana ganin layin ƙuru-ƙuru a kayan binciken burauza. Ba kod ɗinka ne ya lalace ba. Dokar CORS ce, wato dokar tsaron burauza kan amsoshi daga wani adireshi, ta ɓoye shi, sai mai sabar ya sa Date cikin Access-Control-Expose-Headers. Layukan Last-Modified da Expires kuwa a buɗe suke tun asali.

Rejeks fa? To, yana da ranarsa. Idan amsar ba tsararren bayani irin JSON ba ce, wani dogon rubutu ne ko HTML da kwanan watan ke binne a tsakiya, yi amfani da shi ka nemo guntun, ka miƙa wa fromFormat na Luxon ya fassara. Iyakar rejeks ke nan. Ba ya sanin cewa babu 30 ga Fabrairu, kuma 05/03/2025 ba zai taɓa gaya maka ko 3 ga Mayu ne irin na Amurka ko 5 ga Maris irin na Ingila ba.

Idan lamba zalla aka turo maka, ƙirga tsawonta. Mai lamba 10 daƙiƙoƙi ne tun 1 ga Janairu 1970, mai 13 milisakan ne. 1700000000 na nufin 14 ga Nuwamba 2023, amma ka jefa shi cikin new Date haka nan, zai mayar da kai 20 ga Janairu 1970. A Luxon akwai fromSeconds, akwai fromMillis, kowanne da wurinsa.

Za ka ga tsofaffin darussa suna cewa a yi amfani da wani laburare mai suna Moment.js. Masu shi da kansu sun sanar a 2020 cewa sun daina ƙara masa sababbin abubuwa, kuma Luxon na cikin waɗanda suka nuna a koma. Kada ka fara sabon aiki da shi.

Sai gargaɗin da ba ka tambaya ba. Akwai masu tallan kod suna cewa nasu yana gane kowane irin kwanan wata a duniya. Na taɓa biyan kuɗi na sayi irinsa, da na buɗe sai na tarar da rejeks ne jere, wanda bai dace da ko ɗaya ba sai ya sa masa ranar yau. Mai sayarwar kuma ko amsa saƙo bai ƙara yi ba. Abin da ake bayarwa kyauta ya fi nasu nesa ba kusa ba. Kyautar ma a yi hattara da sunan: a Disamba 2019 an cire wani ƙunshi mai suna python3-dateutil daga PyPI, rumbun laburarorin Python, yana kwaikwayon python-dateutil na gaskiya, alhali satar makullan sirri na SSH da GPG yake yi. A npm, rumbun laburarorin JavaScript, ma ana irin wannan. Kwafo sunan daga shafin laburaren, kada ka rubuta da ka.

Idan kana da ta cewa a kan sabar ɗin, roƙi masu kula da ita su turo lokaci a tsarin ISO 8601, irin misalan farko, da Z ko +01:00 a ƙarshe. Ka karanta da fromISO, ka ajiye a UTC, sai lokacin nunawa ka juya shi da setZone zuwa yankin mai kallo.