Wuƙar aljihu mai sakatar ciki: shekara ɗaya da rabi a kasuwar Kara

Sana'ata albasa ce, a kasuwar Kara nan Sakkwato. Tun safe har la'asar ina yanka igiya, ina farke bakin buhu, wani sa'in in tsaga albasa biyu don mai saye ya ga cikinta. Wuƙa kuwa ba ta barin aljihuna. Wadda zan yi magana a kanta na saye ta a Babbar Kasuwa, irin mai naɗewar nan da ake buɗewa da babban yatsa.

In ka leƙa cikin ƙotarta za ka ga siraran ƙarafa biyu a gefe da gefe. Ɗaya an tsaga shi an ɗan lanƙwasa, da ruwan wuƙa ya buɗe sai ya faɗo ya tokare gindin ruwan, ka ji ƙas. Ni sakata nake ce masa. Wani maƙerin wuƙaƙe Ba'amurke, Michael Walker, shi ya daidaita wannan tsari a 1980, yau kuma ya cika kasuwannin duniya.

Ranar da na saye ta, sakatar tana tsayawa wajen kashi ɗaya cikin uku na kaurin gindin ruwa. Cikin wata biyu sai na ga ta matsa har kusa da tsakiya. Raina ya ɓaci, na ce an sayar mini da jabu. Ashe haka aka yi abin. Gindin ruwan ba a miƙe yake ba, an ɗan jirkice shi da gangan, don duk lokacin da ƙarfe ya ci ƙarfe sakata ta ƙara shiga ta cike giɓin. A farko bakunan biyu suna goge juna har su zauna daidai, daga nan tafiyar ta yi sanyi. Tawa tun da ta kai tsakiya ba ta ƙara motsin da ido zai gani ba, kuma ruwanta ba ya girgiɗi ko kaɗan. A nan ta burge ni.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne wata wuƙa ta biyu, mai araha, da na saya wa yaron da ke taya ni aiki. Ban leƙa cikinta ba, kaifi kawai na gwada. Ashe tun tana sabuwa sakatarta ta wuce tsakiya sosai. Shi kuma yana son buɗe ta da wurgin hannu da ƙarfi, abin da ke ƙara tura sakata ciki. Bayan wata huɗu ta jingina da ɗaya gefen, ruwan ya fara rawa sama da ƙasa. Rannan yana ciro ta daga kullin igiya ta naɗe masa a yatsa. Allah ya tsare, rauni kaɗan ne, amma har yau abin yana cina, don ni na sa ta a hannunsa.

Na kai ta Maƙera Assada. Dattijon da na samu ya juya ta, ya danna bayan ruwan da yatsa, ya ce, "Ɗana, sakatar nan ta kai bango, ba ta da sauran wurin zuwa." Na ce, "Baba, ba dabara?" Ya ce zai iya bubbuga bakinta ya ƙara mata tsawo, amma ƙarfen mai laushi ne, ba zai daɗe ba. Na bar masa ita.

Tawa ma tana da nata. Ruwan albasa da ƙurar hunturu kan haɗu su daskare a cikin ƙota, sakata ta kasa shiga sosai, sautinta ya dushe. Duk Juma'a sai na bi ta da tsohon buroshin haƙori, in ɗiga man keken ɗinki a ƙusar da ruwan ke juyawa kanta, ban taɓa bari ya taɓa bakin sakata ba, don mai a wurin santsi ne. Sannan wajen rufewa yatsanka yana kan hanyar kaifi, bahago kuma zai sha wuya da ita. In ruwan ya fara girgiɗi gefe da gefe, yawanci notin ƙusar ne ya saki, ɗaure shi kawai.

Zan sake sayen irinta. Amma yanzu sai na buɗe ta a hasken rana a gaban mai shago, na ga duk kaurin sakatar ya hau gindin ruwa bai kuma wuce tsakiya ba, kafin in tambayi kuɗinta. Haka na zaɓar wa yaron sabuwa makon jiya, cikin guda biyar ɗaya ce ta yi.