Shagon tsofaffin littattafai a Sabon Garin Zariya

Shagon ƙarami ne, in mutum uku suka shiga sai ɗaya ya fito. Babu allo a ƙofa, babu fanka, ga ƙura a kan kantocin sama. Amma in littattafan Hausa na da kake nema, ban ga kamarsa ba a garin nan.

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam na je saya wa 'yata. Mai shagon, dattijo ne da ya yi ritaya daga koyarwa, sai ya jero mini sauran huɗun da suka fito daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, wadda wani Bature mai suna Rupert East ya shirya a nan Zariya: Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. Ya ce, "Alhaji, ka san Bello Kagara mai Ganɗoki yayan Abubakar Imam ne?" Daga nan hira ta ɓarke. A ganinsa, karatun Larabci da Imam ya taso da shi a gidan malamai shi ne sirrinsa: ya ɗebo daga Muƙamar Hariri da Dare Dubu da Ɗaya, ya ɗinka musu riga 'yar shara, har mai karanta Magana Jari Ce ya rantse a Katsina aka yi abin. Kyauta yake ba da wannan darasi, ko ka saya ko ba ka saya ba.

Inda muka saɓa shi ne littattafan Kano. Ya tara su a buhu a ƙasa, wai soyayya ce kawai. Can ƙasan buhun na zaƙulo Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Matar da aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta dawo ta rubuta zaman kishi da wulaƙancin miji yadda har aka fassara littafin zuwa Turanci a Indiya a 2012, ai ta wuce buhu. Na faɗa masa, murmushi kawai ya yi.

Sai dai a yi hattara: wasu kwafin hoto ne aka ɗauka aka manne, tawada ta dushe, don haka a duba shafuka kafin a biya. Ana tayawa, yana ragewa. Taransifa kam ba ya karɓa, kuma da an kira azahar yake rufewa sai bayan la'asar.