Charger ta 1969 ko Chevelle ta 1970, wacce ta fi wuta?

Wallahi in ana maganar tsofaffin motocin Amurka masu ƙarfin tsiya, waɗannan biyun ne ke fara zuwa min a rai, Dodge Charger R/T ta 1969 da Chevrolet Chevelle SS 454 ta 1970.

Charger dai a lokacin injin 440 take zuwa da shi (lambar girman injin ce a ma'aunin cubic inch), wato lita 7.2, ƙarfin doki 375, amma in kana da kuɗi sai ka ce a sa maka 426 Hemi mai doki 425 da kafireta har biyu, kuma nan fa rigimar take, don Hemi inji ne da aka ƙera domin tsere, in ka yi ta lallaɓa shi a cikin gari sai filogi ya yi ta baƙi, kullum kana gun makanike ana saiti. Ga kyau kam ba magana, fitilun gaba ma ɓoye suke sai an kunna.

Chevelle kuwa sai a 1970 GM (General Motors, kamfanin da ya mallaki Chevrolet) ta cire dokar hana sa injin da ya wuce cubic inch 400 a matsakaitan motocinta, shi ne suka antaya mata injin 454 samfurin LS6, lita 7.4, doki 450, kafireta ɗaya tal. A tseren kwatan mil duk biyun sakan 13 da ɗoriya suke yi.

Mai kam dukkansu kamar ruwa suke shan shi. Ni dai Chevelle zan ɗauka don ta fi sauƙin sha'ani, Charger kuwa a bar min ita in riƙa kallo.